Amsa: Takubbanmu daga mayaƙan Salibiyya suka fito?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne takubban Hausawa da Buzaye ganima ce daga mayaƙan Salibiyya, wato Kiristocin Turai da suka yaƙi Musulmi a kan Ƙudus. Ni dai ban yarda ba. Turawan da suka fara yaɗa zancen sun ga ruwan takobin miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, da ƙarfe a gicciye gaban ƙota, sai suka ce ai gado ne. Kama da wane ba ta wane.

Akka, babban sansanin 'yan Salibiyya na ƙarshe a Sham, ta faɗi a 1291. Ruwan takubban da ake gani a hannun mutanenmu kuwa yawanci ba su kai can a tsufa ba. Da yawa ƙirar Solingen ce ta Jamus, fatake suka ƙetaro Sahara da su. Heinrich Barth, wani Bajamushe mai yawon bincike da ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta ana kawo kusan 50,000 duk shekara, a nan ake sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube.

Idan kana da na gado a gida, duba kusa da ƙotar, wataƙila ka ga tambarin jinjirin wata biyu. Amma kada ka yi saurin yanke hukunci, maƙeranmu ma sun iya buga irinsa.