Amsoshin Tambayoyinku: Saiti Nawa Za a Bar wa Mai Kanti?

Wani ɗalibi daga Gwallameji a Bauchi ya rubuto cewa yana haɗa manhajar lissafin kaya don masu kantin magani. PostgreSQL, wani rumbun adana bayanai a kwamfuta, shi ne ke riƙe bayanan, systemd kuma, wani sashe na tsarin Linux, shi ke tayar da rumbun idan an kunna kwamfuta. Yana tambaya: ya fito da duk saitin a fili, ko ya ɓoye? Tsoronsa kada a ce aikinsa bai cika ba.

Ƙanena, kwantar da hankalinka, tambayarka ta masu hankali ce. PostgreSQL yana da saiti sama da 300. Mai kanti a Wunti kuwa abin da ya dame shi bai wuce huɗu ba: inda za a ajiye kwafin bayanai, ƙarfe nawa za a ɗauki kwafin, wa ke da izinin shiga, da na'urar buga rasit. Su za ka fito da su. Sauran kai za ka yanke, don abin da aka biya ka ke nan. Maɓallin kunnawa da kashewa guda 10 kawai suna haifar da yanayi 1,024. Wa zai gwada su duka? Kuma ranar da ka so cire ɗaya, sai ka tarar wani kwastoma ya riga ya dogara da shi. Ga gwani kuma, ka bar masa fayil ɗaya na ƙari wanda sabunta manhaja ba zai goge ba. Haka systemd ke yi: umarnin systemctl edit yana buɗe ɗan fayil mai suna override.conf, na asali yana nan ba a taɓa shi ba.

Amma akwai saitin da nake roƙonka don Allah kada ka taɓa ajiye shi a gaban kowa, sunansa fsync. Shi ke tilasta wa PostgreSQL ya tabbatar abin da ya rubuta ya sauka a faifai da gaske kafin ya ce an gama. In an kashe shi manhaja tana ƙara gudu, shi ya sa yake ruɗin mutane. To a garinmu, inda ake ɗauke wuta ba sallama, janareta ya shaƙe, batirin inbata ya mutu tsakar rana, kashe shi ganganci ne. Ɗaukewa ɗaya na iya lalata rumbun bayanan gaba ɗaya. Na taɓa zama da wani dattijo mai kanti da hakan ta faɗa wa: bashin da yake bin mutane na shekara biyu ya tafi, saboda yaron shago ya ga maɓalli an rubuta "ƙara sauri" ya danna. Ban ga laifin yaron ba. Wanda ya ajiye wuƙa a tabarmar yara shi za a tambaya.

Haka batun buɗe rumbu ga intanet. Tsofaffin sigogin MongoDB, wani rumbun bayanai dabam, suna iya karɓar haɗi daga ko'ina ba tare da kalmar sirri ba, kuma a Janairun 2017 ɓarayi suka share dubban rumbuna suna neman kuɗin fansa. Daga sigar 3.6 aka mayar da shi yana sauraron kwamfutar da yake kai kaɗai. Yawancin mutane ba sa canza saitin da suka tarar, don haka wanda ka zo da shi tun farko ya zama wanda ba ya cutarwa.

Wata Hajiya mai kantin kayan masarufi a Jekadafari, Gombe, ta ce an kawo mata manhaja biyu, mai tsadar ana yabonta da yawan saiti. Wacce za ta saya?

Hajiya, ranki ya daɗe, kada ki biya kuɗin maɓallan da ba za ki taɓa ba. Ki sa kowane mai sayarwa ya shigar da ciniki a kwamfutarsa ta gwaji, ya zare wuta a gabanki, ya kunna ki ga ko cinikin na nan. Sannan ya dawo da bayanan daga filash a wata kwamfutar dabam. Wanda ya fara kame-kame, ki sallame shi. Ki kuma tambaya wa za ki kira in abu ya lalace ranar Juma'a da yamma.

Wani daga Pantami yana so a cire masa kalmar sirri gaba ɗaya, ko a bar ta 1234, wai tana ɓata masa lokaci.

Haba Malam! Ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai ta 2016 da irin waɗannan kalmomin sirri da na'urori ke zuwa da su daga masana'anta, kusan 60 kacal, ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin intanet. Kantinka da kwaɗo nawa kake rufe shi da dare? Ka sa kalma mai tsawo, kowane yaron shago da tasa dabam, in ya bar aiki a goge ta a ranar.