Hawa-hawan da ka gani a sararin samaniyar hoton nan

To yarona, na ga tambayarka. Ka ce hoton baƙi da fari da ka buga sararin samaniyarsa ya fito hawa-hawa kamar matakala, wai ko ka ɗaga fayil ɗin ya kai 1440 tunda haka ka gani a saitin firinta. A'a, kar ma ka soma. Wannan 1440 ko 2880 ɗin ɗigon tawada ne da firinta ke fesawa a inci ɗaya, sai ɗigo da yawa sun haɗu kafin su ba ka launin toka na fiksel guda. Fayil ɗinka kuwa 360 ppi, wato fiksel 360 (ƙwayoyin da ke haɗa hoto) a inci ɗaya, ya wadatar a yawancin Epson, Canon kuma 300. Hoto mai fiksel 6000 a tsawo zai ba ka inci 20 a 300, wajen inci 16 da rabi a 360, shi ke nan lissafin.

Matsalarka a bit take, wato ma'aunin yawan matakan haske da fayil ke iya riƙewa. Fara ɗauko takardar ka duba da kyau a haske, in layukan miƙaƙƙu ne daga gefe zuwa gefe to kan firinta mai fesa tawada ne ya toshe, yi gwajin nozul, wato 'yan ramukan da tawadar ke fita. In kuwa suna lanƙwasa suna bin yadda hasken ke sauka, fayil ne, kuma na san JPEG ka buɗe ka yi ta jan Curves, layin nan na gyara haske da duhu a manhajar gyaran hoto. JPEG 8 bit ne, matakai 256 kacal daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, kuma a baƙi da fari babu wani launi da zai rufa maka asiri, duk jan da ka yi wasu matakan faɗuwa suke, buɗe histogiram, zanen da ke nuna yadda matakan suka rarrabu, za ka ga ya yi giɓi-giɓi kamar haƙoran matsefi. 16 bit matakai 65,536 ne, ka ja yadda kake so bai karyewa.

Abin da ke ɓata min rai shi ne mai mayar da JPEG 16 bit bayan ya gama gyara, wallahi abin da ya zube ba ya dawowa. Koma kan RAW ɗin, ɗanyen fayil ɗin da kyamara ta ɗauka, fitar da shi 16 bit tun farko, ka ajiye a TIFF, nau'in fayil mai riƙe 16 bit, furofayil (tsarin launi) Gray Gamma 2.2. Girma da ppi sai ka gama gyara, kaifafawa a ƙarshe. Yanki ɗan ɓangaren samaniyar ka buga a guntun takarda, bar shi ya bushe, ka kawo min in gani kafin ka taɓa babbar.