Ta yaya za a san kuɗin binciken lafiya bai tafi a banza ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna jin ana ware kuɗin talakawa don binciken lafiya, a cibiyar CERMES ta Yamai da jami'o'inmu. Da wane ma'auni ake gane sun amfane mu? Daga wani malamin makaranta, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da aka fi ƙirgawa shi ne takardun da masana suka wallafa da ɗaliban da aka yaye. Wannan yana nuna an yi aiki, amma bai nuna an warkar da kowa ba.

Awo na gaskiya bin sawu ne. Ma'aikatar lafiya ta sauya ƙa'idar magani saboda binciken? Sabuwar ƙa'idar ta isa CSI, wato ƙaramin asibitin ƙauye, ko ta tsaya a ofis? Yara nawa ta isa gare su, nawa suka tsira, kuma jika nawa aka kashe a kan kowane yaro?

Sai an kwatanta kafin a ce wani abu ya yi aiki. A Madarunfa, cibiyar bincike ta Epicentre, ta ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, ta gwada ɗigon rigakafi mai jure zafin gari na zawon da ƙwayar cutar rotavirus ke jawowa a kan jarirai fiye da 3,500. Rabi sun sha rigakafin sau uku, rabi sun sha abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna zawon rotavirus mai tsanani ya ragu da kusan kashi 67 cikin ɗari. Da ba a ajiye rukuni na biyu ba, da ba wanda zai iya rantsuwa cewa rigakafin ne.

Inda lissafi ke ɓaci shi ne rajistar asibiti. Da aka fara kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, iyaye suka yi ta kawo su. A irin wannan hali adadin marasa lafiya a rajista yakan tashi, alhali cutar ba ta ƙaru ba. Haka shekarar da damina ta yi ƙaranci, masassara na raguwa da kanta, sai a yaba wa shirin da bai yi komai ba. Shi ya sa ake duba shekaru da yawa, a gundumar da aka yi aikin da wadda ba a yi ba.

Ga kuma haƙuri: daga ɗakin gwaji zuwa hannun majinyaci yakan wuce shekara 10. A taron ministoci kan binciken lafiya da aka yi a Bamako a 2008 an buƙaci a ba bincike aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kasafin ma'aikatar lafiya. In za ka tambayi hukuma, Malam, ka tambayi abin da aka fitar, don wanda aka rubuta a kasafi ba kullum yake fita duka ba.