Amsa kan tsarin gida mai ɗaki uku da dattijuwa a ciki

Ɗan'uwa, ka yi tambaya kan gidan da kake shirin ginawa mai ɗaki uku, wanda Hajiya mahaifiyarka za ta zauna a ciki tare da iyalinka, da kuma ko ya dace falo ya ɗauki fili mafi girma. A ganina, kafin a zo maganar fenti da kujeru, ya kamata ka lura da yadda mutanen gidan suke wuni.

Da ɗakin Hajiya za a fara. A sa shi kusa da tsakar gida, babu matakala kuma babu dokin ƙofa mai tudu, sannan a yi masa banɗaki a ciki mai masai na zama da ƙarfen dafawa a jikin bango, domin tsuguno yana wahalar da mai ciwon gwiwa ƙwarai. Faɗin ƙofar ya kai santimita 90, ta yadda keken marasa lafiya zai shiga idan buƙata ta taso. Ka guji tayil mai santsi a wurin alwala, saboda zamewa ɗaya tana iya karya ƙugun dattijuwa, kuma irin wannan karaya ba ta saurin warkewa.

Falo kuwa, kada ka bari ya cinye gidan. Amfanin zaure tun asali shi ne baƙo namiji ya zo ya tafi ba tare da ya ratsa inda mata suke aiki ba, don haka ka ba falon baƙi ƙofarsa daga waje. Manyan tagogi su fuskanci arewa da kudu, suna kallon juna don iska ta ratsa, domin ranar yamma ta watan Afrilu tana mayar da ɗaki tamkar tanda. Kicin kuma ya buɗe zuwa tsakar gida, inda ake daka da shanya.