Karatu, aikin kwamfuta da iyafis a kunne: wanne zan ajiye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a jami'a, ina karanta kimiyyar kwamfuta. Bayan lakca ina aiki a wani ƙaramin kamfani, ni ake kira idan firinta ta ƙi aiki, ko intanet ya yanke, ko wani ya manta kalmar sirrinsa. Waƙa ce ke ɗebe mini kewa, iyafis ba ya fita daga kunnena tun safe har dare. Da shi nake karatu, da shi nake aiki, wani lokacin da shi nake barci. Semestar da ta wuce na faɗi kwas biyu, kuma kwanan nan kunnena na dama yakan yi ƙara da daddare. Abokaina suna cewa in bar makarantar kawai tunda aikin yana kawo kuɗi, takardun shaida na intanet sun isa. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka sa maganar kunne a tsakiya kamar ƙaramin abu, ni kuwa ita ta fi tayar mini da hankali, don haka da ita zan fara. Hukuncin sauraren waƙa a addini fagen malamai ne, ni ta fuskar lafiya da sana'a zan yi maka bayani.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, su ne suke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su, idan abin ya daɗe sai su mutu, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Ƙarar da kake ji da daddare alama ce da ake yawan gani ga kunnen da ya sha hayaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ya kai desibel 90 lokacin ya koma awa 4 kacal a mako. Dubi tazarar: ƙarin 10 a ma'auni, lokacin ya ragu ninki goma. Hukumar ta kuma yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. Mu a nan abin ya fi muni, domin janareta na ruri a bayan ofis, a hanya ga hon ɗin 'yan adaidaita, sai mutum ya yi ta ƙara murya don ya danne su, bai san ya wuce iyaka ba. Ka tsayar da ƙarar wayarka ƙasa da kashi 60 cikin 100, ka nemi iyafis mai toshe kunne da kyau don kada ka buƙaci ƙurewa, ka daina barci da shi gaba ɗaya. Sannan ka je asibiti, sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a gwada jinka. Ƙarar da ta tsaya a kunne ɗaya ba a jinkirta kai ta wurin likita.

Yanzu ga karatu. Na san za ka ce da waƙa kake fahimta, ɗalibai da yawa haka suke faɗa. Abin da ke faruwa shi ne waƙar tana sa zaman ya yi daɗi, sai mutum ya ɗauka daɗin zaman shi ne shigar karatu. Lokacin da kake karanta rubutu, ko da bakinka a rufe yake, akwai wata murya a zuciyarka da take furta kalmomin, kuma wurin da ƙwaƙwalwa take riƙe su na ɗan lokaci ƙarami ne ƙwarai. Baitin waƙa ma kalmomi ne, wuri ɗaya suke nema. Taura biyu ba ta taunuwa. A 1989 masana biyu, Salamé da Baddeley, sun gwada hakan, suka ga waƙa mai murya ta fi kiɗa zalla dagula wa mutum riƙe jerin abubuwa. Akwai kuma labarin da ya bazu cewa kiɗan Mozart yana ƙara basira. Asalinsa wani gwaji ne na 1993 a jami'ar California da ke Irvine a Amurka, kan ɗalibai 36, kuma ɗan cigaban da aka gani a wani nau'in gwaji guda ne, bai wuce minti 10 zuwa 15 ba ya gushe. Ba wanda ya ci jarrabawa da shi.

Saboda haka ba na cewa ka rabu da waƙa, wurinta za ka canza. Idan kana ɗora Windows a kan kwamfutoci biyar, ko kana haɗa wayoyin netwok, ko kana tafiya gida, hannu ne ke aiki, waƙa a ƙaramar murya ba ta rage komai. Idan kuwa za ka zauna da lissafi, ko darasin tsarin bayanai, ko kana neman inda kuskure ya ɓuya a shirin da ka rubuta, cire ta. Gwada haka mako biyu, kullum bayan karatu ka rufe littafin ka rubuta abin da ka tuna. Takardar za ta gaya maka gaskiya.

Akwai abin da nake so ka gane game da aikin naka, domin mutane suna raina shi. Rabin gyara yana cikin abin da mai matsalar ya faɗa. Hajiyar da ke ofishin kuɗi za ta ce maka "kwamfutar ta lalace", idan ka natsu ka tambaye ta yaushe ta fara, me aka taɓa kafin nan, wane saƙo ya fito, sai ka ji ashe jiya aka ɗauke wuta tana tsakiyar sabunta manhaja. Injin ma yana magana: fanka mai gurnani, faifan ajiya mai ƙyas-ƙyas kafin ya mutu, ƙarar da kwamfuta take yi idan an kunna ta alhali RAM, wato ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, bai zauna ba. Wanda kunnensa ke toshe duk wannan zai wuce shi. Kuma mutum idan ya zo da damuwarsa ya tarar da kai da iyafis, ko ka cire ɗaya, zuciyarsa ta riga ta gaya masa ba ka da lokacinsa. Yawancin faɗan da ake yi wa masu wannan aiki daga nan yake farawa. Jinka da natsuwarka su ne jarin da makaranta da ofis suke ci daga gare shi, kai kuma kana kashe shi tun safe har dare.

Batun barin makaranta, ra'ayina a fili yake: kada ka bari. Abokanka suna da gaskiya ta wani gefe, takardu irin su CompTIA A+, da CCNA na kamfanin Cisco, da kwas ɗin tallafin fasaha da Google ya fito da shi a 2018, duk suna da daraja, ni ma ina ƙarfafa ka ka yi su. Amma suna ƙara wa digiri ƙarfi ne. Idan ba digiri ko HND, ba bautar ƙasa, kuma aikin gwamnati a mataki na 8 da manyan kamfanoni da yawa sai da takardar NYSC. Bayan haka, aikin amsa kira matakin farko ne. Wanda zai hau zuwa kula da netwok ko tsaron bayanai dole ya san yadda abin yake aiki daga tushe, kuma darussan da suke gundurar ka yanzu su ne tushen. Ka ci shekara kusan uku, saura kaɗan.

Kwas biyu da ka faɗi ba ƙarshen duniya ba ne, amma suna nuna lokacinka ya yi ƙaranci. Ka sami mai gidanka a wurin aiki cikin ladabi, ka kai masa jadawalin lakcarka, ka roƙi a tsayar maka da awoyi sanannu, a kuma sassauta maka makonni uku kafin jarrabawa. Don kiran ya ragu, rubuta matsalolin da aka fi kiran ka a kansu da hanyar magance kowacce a takarda ɗaya, ka manna kusa da firinta. Tunda kana aji uku, tambayi mai kula da SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, a sashenku ko za a amince ka yi watannin koyon aikinka a wannan kamfanin, ka ga aiki da makaranta sun zama abu ɗaya na tsawon lokacin. Idan kuma nauyin gida ne ya sa ba za ka iya rage aikin ba, jami'o'i suna da tsarin ɗage karatu na semesta ko shekara. Ka je wurin mai kula da ajinku ka rubuta takardar neman hakan a hukumance kafin a rufe rajista, kada ka ɓace haka kawai, domin wanda ya daina zuwa ba takarda zai iya rasa gurbinsa.