Kumburin Ƙafa Lokacin Juna Biyu

Tambaya: Likita, cikina wata bakwai, kuma kullum da yamma ƙafafuna sukan kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Shin akwai haɗari?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Galibi babu haɗari. Jinin mai juna biyu yana ƙaruwa sosai, jiki yana riƙe ruwa, sannan mahaifa tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya, shi ya sa ruwa ke taruwa a idon sawu, har in kin danna da yatsa gurbin ya ɗan tsaya. Ki riƙa ɗora ƙafafunki a kan matashi, ki kwanta ta gefen hagu, ki guji doguwar tsayuwa, kuma kada ki rage shan ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya, tare da ciwon kai ko ganin dishi-dishi, domin bayan mako 20 yana iya nuna hawan jinin da ke kai ga jijjiga. Idan kuma ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, gudan jini ake zargi. A duka biyun, ki je asibiti nan take.