Amsa ga Kawu: wa 'yan Amurka ke kira mai kuɗi?

Assalamu alaikum 'yan gida. Kawu, ina wuni? Na ji muryarka tun jiya, ina kan aiki ne shi ya sa ban amsa ba, a yi mini afuwa. Ka ce kana ganin hotunan Amurka, kowa da mota da gida mai ciyawa a ƙofa, to wa suke kira mai kuɗi tunda kamar kowa ya samu?

To Kawu, motar nan da gidan nan, yawanci ba a gama biyan su ba. Gida a nan bashin banki ne, mutum ya yi shekara 30 yana biya duk wata. Mota ma haka, shekara biyar ko shida. Shi ya sa wanda ya san kan abin ba ya duba me ka hau. Lissafinsu shi ne a haɗa duk abin da ka mallaka, gida, hannun jari, ajiyar banki, sannan a cire bashin da ke wuyanka. Abin da ya rage, shi ne ƙarfinka. Sai ka ga sabon likita, albashi mai tsoka, amma in aka yi masa wannan lissafi ko sisi ba shi da shi, bashin karatu ya cinye.

Wani abin da ya ɗaure mini kai farkon zuwana, akwai makin da ake ba kowa kan yadda yake biyan bashi, daga 300 zuwa 850. Kiredit suke ce masa. Na je neman haya a Bronx, wani yanki na birnin Niyok, da kuɗina a hannu, ina alfahari ba wanda ke bi na ko kwabo. Mai gidan ya duba kwamfuta ya ce ba ni da tarihi, ba zai ba ni ba. Wallahi Kawu na tsaya baki buɗe. Ashe a nan wanda bai taɓa cin bashi ba, ba a san halinsa ba ke nan. Wanda ya ci ya biya a kan lokaci shi ne mutumin kirki.

Batun albashi kuwa, burin matasa da yawa shi ne su kai dala 100,000 a shekara. Kar a yi saurin juya shi zuwa naira, ina ganin wasu har sun ɗauko kalkuleta! A 2023 matsakaicin abin da ke shiga gida guda a shekara ya kai wajen dala 80,000, kuma kafin a cire haraji ne. A Niyok haya da inshorar lafiya da kuɗin renon yara za su lashe wannan, ka rasa ina ya shiga. Wani kamfanin harkar kuɗi, Charles Schwab, yakan tambayi mutane nawa ne arziki, a 2024 amsarsu ta tsaya wajen dala miliyan 2.5, bayan an cire bashi.

Amma abin da na fi jin suna magana a kai shi ne tsufa. Akwai asusun ritaya da ake cira daga albashi, 401k, wani lokaci wurin aikinka ya ƙara maka wani abu a kai. Wanda ya tara har ya iya ajiye aiki yana ɗan shekara 50, ba ya jiran kowa ya ciyar da shi, to wannan a wurinsu ya gama cin nasara, ko da tsohuwar Toyota yake ja. Attajirin nan na Amurka Warren Buffett ma, da duk biliyoyinsa, gidan da ya saya a garin Omaha a 1958 kan dala 31,500 bai bar shi ba, kuma suna jin daɗin ba da wannan labarin.

Ni dai tsarin ajiyar nan ya burge ni, na ma fara. Abin da har yau bai kwanta mini ba, ban taɓa jin an tambayi wani mutum nawa ke ci a ƙarƙashinsa ba. Da na gaya wa wani abokin aikina abin da nake aikowa gida duk wata, cewa ya yi ina ɓarnar kuɗin tsufana. Na ce masa ai 'yan gida su ne asusun nawa. Dariya ya yi, ya ɗauka wasa nake.

Bari in tsaya nan, fasinja ya fito. A gaida Inna da yara.